Sanduna Uku a Bakin Teku

Tun da na dawo daga Ikko ban huta ba. In na je awo a tare ni, in na je barka a tare ni. Rannan a ajinmu na yaƙi da jahilci har karatu ya tsaya saboda tambaya: Inna Hajo, da gaske ba a hango ƙarshen ruwan? Da gaske cikinsa ɗiyarki ke aiki? Na ba da labarin har muryata ta dushe, ga ta dama ba ƙarfi gare ta ba. Sai malamarmu ta ce tunda hannuna ya faɗa da rubutu, in rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta da kanta. To ga shi. Inda na tsallake baƙi a yi mani haƙuri.

Ɗiyata ta fari ce ta ja ni tafiyar. Ba ni faɗin sunanta, kun san al'ada. Ta-Malam nake ce mata tun tana goye. Ta karanta ilimin teku a jami'a, abin da har gobe dangin ubanta ke wa dariya, wai yarinyar da anka haifa Wurno, wadda babban ruwan da ta sani shi ne gulbin Rima da dam ɗin Goronyo. Bayan ta gama anka ɗauke ta aiki a wata cibiyar bincike a Ikko. Muna zaune lafiya sai ga waya: an zaɓe ta cikin waɗanda za su shiga jirgin bincike, sati shida a tsakiyar teku. Ta ce ba ta sa hannu sai Baba ya yarda. Shugabarsu kuma ta ba ta zuwa Litinin ta sama, in babu amsa a ba wani gurbin.

Malam, maigidana, bai ce i ba, bai ce a'a ba. Tun shekarar da gulbi ya cika ya kwana cikin shinkafarmu ana saura kwana kaɗan yanka, maganarsa a kan ruwa ɗaya ce: ruwa ba shi da alkawari. Ga shi albasa ta fara ƙwai, ba ya iya barin ban ruwa ko na yini biyu.

"Ke za ki tahi," ya ce. "Ki gano mani. Ɗauko littahin nan naki."

Na ɗauko, ya faɗa ina rubutawa. Ina za ta kwana, kuma da su wa? Wane ruwa za ta sha ta yi alwala? Ta ƙaƙa za ta san gabas in babu ƙasa babu itace? Na jira ta huɗu, don na gan ta a fuskarsa. Bai faɗe ta ba, sai ya ce in rufe littafi.

Ƙanena Garba ne ya raka ni, shi da ke fataucin albasa zuwa Ikko. Kafin mu fita, maƙwabta sunka cika mani zaure da gorunan roba, kowa na son ruwan teku: mai ciwon gwiwa, mai ƙaiƙayi, mai jikan da ke firgita. Garba ya dube su ya ce, "Yaya Hajo, bas za mu shiga, ba tanka ba." Na ɗauki galan ɗaya na ce in na dawo a raba.

Daga Sakkwato munka shiga babbar bas. Wadda ke kusa da ni 'yar kabilar Ibo ce mai sayar da atamfa, shekararta talatin a Sakkwato. Na fara yi mata magana da hannu, sai ta ce, "Hajiya, mi ya samu bakinki?" Kunya ta kama ni. Kafin Kwantagora ta san sunan awakina, ni kuma na san surukinta ba ya gaisuwa. A wani shinge anka ce a buɗe jaka. Jami'in ya cusa hannu cikin tawa da ƙarfin hali, ya kwance ƙullin daddawa, ya sansana sau ɗaya, ya mayar ya ɗaure da kansa har ƙulli biyu, ya ce mu wuce.

Da gari ya waye munka hau gadar Jaba. Na leƙa na ga ruwa shimfiɗe, na fara addu'a, na taɓa Garba na ce ashe mun iso.

"Ina?"

"Teku."

"Kwara ce, Yaya. In kin kai can, wagga sai ki ce kwalbati."

Daga nan komi ya fara canzawa. Itatuwa sunka yi yawa har suna hana juna iska, mata na tuƙa mota da kansu, gaisuwa kuma sai ka ga ƙaton namiji ya kwanta rub da ciki gaban tsohuwa. A Ilori anka kawo mani tuwo baƙi ƙirin. Na raɗa wa Garba ko ya ƙone ne, kada mai shi ta ji. Ya ce haka yake, na garin doya ne. Tuwon ba laifi, miyar ce ta sa na yi hawayen da ban yi ba ranar da anka kai ni gidan Malam.

Ranar Litinin da la'asar munka tsaya ƙofar cibiyar. Garba ya koma wajen mai adaidaita yana sauke kaya, ni na matsa wurin mai gadi, wani dattijo ɗan Borno mai jin Hausa.

"Wa kike nema, Hajiya?"

"Ta-Malam."

Ya duba takardarsa sama da ƙasa. "Babu Ta-Malam a nan. Mene ne sunanta na gaskiya?"

Na kau da kai ina gyaran mayafi.

"'Yarki ce?"

"I."

"Kuma ba ki san sunanta ba?"

"Na sani."

"To faɗa mana."

Shekara ashirin da shida ban kama sunan nan da bakina ba, ba kuwa ƙofar mutane zan fara ba. Sai dabara ta zo mani. Na yagi gefen littafina, na rubuta shi baƙi bayan baƙi, na miƙa ina kallon gefe. Ya karanta ya yi murmushi, ya ce, "Ta fari ce ke nan. Uwata ma haka ta yi da ni har ta rasu." Ya ba ni kujerarsa.

Ta-Malam ta fito da gudu cikin farar riga irin ta likitoci, ta rungume ni gaban jama'a. Na ce mata ta kama jakar can, akwai daddawa ciki.

Ɗakinta yana hawa na uku, ita da wata abokiyar aikinta. Ba tsakar gida, ba turmi, shanya ma ta taga ake yi. Da safe na sauka na bi ƙofa ƙofa ina gaishe da maƙwabta kamar yadda baƙo ke yi. Wata ta buɗe kaɗan ta ce ba ta sayen komi. A bakin titi kuwa na ga albasarmu, ja, ƙanana uku-uku a kasa, irin wadda muke tsincewa mu ba mai talla kyauta. Na tsaya ina kallonta kamar na ga ɗan gida a bariki.

Tekun kansa ba ni da bakin faɗinsa. Sama ce dai ta kwanta ƙasa tana numfashi. Na ɗiba na ɗanɗana, na gane abin da ya sa ba kowa ke noma a bakinsa.

Ranar Talata ta kai ni wurin aikinsu. Shugabarsu, Dakta suke ce mata, Bayarabiya ce doguwa mai furfura a goshi. Ta yi bautar ƙasa a wajen Rabah, Hausarta na ɗingishi amma tana isa inda za ta. Ita ta zagaya da ni da kanta.

Ni a zatona duk mai ilimin teku kifi yake kamawa. Ashe kamar kasuwar Goronyo ne, kowa da layinsa. Ɗakin farko wani saurayi na yanka dogon curin laka da wuƙa, a hankali, kamar mai rabon alkaki. Dakta ta ce daga ƙasan teku anka ciro ta, kuma daga launinta da tsakuwarta yake gane inda ƙasa ke zaizayewa, da inda za a iya kafa gada ko a nemi mai. Na ce a garinmu masu ginin tukwane ma da taɓawa suke sanin laka. Anka fassara masa, ya miƙo mani na murza. Na ce wagga ba ta yin tulu, yashi ya yi mata yawa. Ya duba takardarsa ya ce haka ne.

Ɗaki na biyu na masu awon ruwa ne. Kwalabe jere, suna auna gishirinsa da dattin da birni da jirage ke zuba masa. Su ake kira in mai ya malala kifi ya fara mutuwa. Can gaba masu halittu. Wata yarinya ta ɗiga ruwa ɗigo ɗaya garau a gilashi ta ce in sa ido a madubi. Na ga gari guda: masu ƙaho, masu gashi, wani na juyi kamar ya sha wani abu. Ta ce su ƙananan kifi ke ci, manya su ci ƙanana, in sun ragu masunta su dawo da koma wayam. Na tuna ɗanɗanon da na yi da safe, na tuna galan ɗin maƙwabta. Akwai kuma masu zana taswirar ƙasan ruwa don kada jirgi ya dunguri tudu, da masu nutso da tulun iska a baya, da masu gyaran na'urori. Dakta ta ce wasu yaranta yanzu suna tashar jirage, wasu wajen masu hasashen yanayi, wasu na kiwon kifi, wasu na koyarwa.

"To ita wagga, wane layi take?" na tambaya.

"Motsin ruwa, Mama. Ina ya tafi, yaushe ya zo."

Ban gane ba a lokacin. Sai da na yi abin kunya na gane.

Bayan cibiyar akwai wata gadar katako inda kwale-kwalensu ke tsayawa, wurin ruwan a kwance yake ba hauka. Da hantsi sunka shiga taro, ni na shimfiɗa tabarma can gefe ina tsince wake. Ruwa na nesa, tsakanina da shi laka ce fili guda. Can na ɗaga kai na ga filin ya ragu. Na dubi sama, ba hadari ko kaɗan. Na ci gaba da tsinta. Na sake dubawa, ruwa ya taɓa takalmina.

Duk wanda ya tashi bakin Rima ya san ma'anar ruwa ya hau rana tsaka babu girgije: an sako dam. Na naɗe tabarma, na je na samu mai gadi na ce masa a hankali, don kada a firgita mutane, ya sanar an buɗe ruwa daga sama. Ya ce wace sama? Ban tsaya bayani ba. Na koma na fara kwashe kayan mutane zuwa tudu: bokitai, igiya, takalman roba. Sai na hango wani ƙarfe kamar tocila ɗaure da igiya a gindin gadar, ruwa ya riga ya rufe shi. Na ce wani ya manta da abinsa mai tsada. Na tattare zane na shiga har gwiwa, na kwance shi, na goge da mayafina, na aza shi a rana ya bushe.

Da sunka fito, Ta-Malam ta ga abin a kan dutse ta dafe kai.

"Inna, wa ya hidda wannan?"

"Ni ce. Saura kaɗan ruwa ya tahi da shi."

"Aikinsa ke nan, Inna. Sati uku yana ciki yana auna hawan ruwa."

Dakta ta sa anka haɗa shi da kwamfuta, ta duba, ta fara dariya har ta zauna a kan bokiti. Ta ce na'urar ta rubuta cewa yau da hantsi teku ya ƙafe ƙaf na awa biyu, abin da bai taɓa faruwa ba sai da baƙuwa ta zo daga Wurno. Ta ce babu dam, Mama. Haka yake kullum, sau biyu ya cika sau biyu ya janye, wata ne ke jansa.

Na ba da haƙuri, amma a raina ban yarda ba. Ruwan da ya hau ya sauka a yini ɗaya? Mu in ya hau sai ya ga dama. Don haka na yi abin da uwata ta koya mani, wanda muke yi a fadama in gulbi ya fara wasa da gona. Na nemi sandunan gora uku wurin mai gadi. Na kafa ɗaya inda ruwa ya tsaya da azahar, don a nan ya cika. Na kafa ta biyu taku ɗaya sama da ita, ta uku can sama inda lakar ta bushe, na ɗaura mata tsumma daga bakin tsohon zanena. Na rubuta a littafi: Talata, wata kwana goma, ya cika ana kiran azahar.

Kafin magariba ya koma inda ya fito, ya bar lakar tana ƙyalli.

Laraba na dasa tabarma tun kafin azahar. Anka kira salla bai cika ba. Na ce to, ga halin nasa ya fara. Sai da na idar na yi lazimi sannan ya iso, ya wuce sandar farko da kamu ɗaya. Alhamis ya ƙara makara kamar yadda ya ƙara jiya, ba ƙari ba ragi, ya taɓa gindin ta biyu. Ina cikin rubutawa Dakta ta tsaya kaina ta ce in ba ta ta gani. Ta kira Ta-Malam ta buɗe kwamfuta, ta aza littafina kusa. Nasu layi ne mai hawa da sauka, nawa azahar da la'asar, amma magana ɗaya suke.

"Mama, wa ya koya?"

"Uwata."

"To gado ne. Wannan aikin 'yarki. Ita sandarta tana cikin teku mai zurfi, shi ya sa jirgi." Ta ce da irin wannan awo suke gaya wa masunta da mutanen ƙauyukan baki ranar da ruwa zai shiga gidaje, su kwashe kaya tun da wuri.

Na tuna shinkafarmu. Da wani ya ce mana ranar kaza, da mun yanke ta ko ɗanya ce.

Rannan da yamma sunka kai ni jirgin a tasha. Yana ɗaure amma cikina ya ce tafiya muke. Na riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, littafi da ɗayan, na bi tambayoyin Malam. Ɗakin mata daban, su huɗu har da Dakta, gado mai hawa biyu, ƙofa da sakata, na ja ta na gwada. Ruwan sha akwai injin da ke cire gishiri, na sha kofi guda, lami ne amma ruwa ne. Gabas kuwa kyaftin ya nuna mani kamfas kamar faifai, ya ce mai dafa masu abinci ma musulmi ne, kullum sai ya leƙo ya tambaya. Sunka sa mani rigar ruwa mai launin lemo, na zama kamar kabewa, Garba ya ɗauki hoto duk da na hana.

Juma'a munka kamo hanya da galan cike. Asabar da dare munka iso, Lahadi bayan azahar Malam ya dawo daga fadama ya zauna gindin darbejiya, Garba na gefe. Gobe ne wa'adi. Na karanta masa amsoshi uku. Ya saurara, ya ce a ba shi ruwan ya gani. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya furzar.

"Duk yawan nan nasa, ba ya shayar da fangali ɗaya na albasa?"

"Ba ya yi, Malam."

Ya juya kofin a hannunsa. "Ɗaki da sakata na ji. Amma ruwa ruwa ne, Hajo. Ba shi da alkawari."

Na buɗe shafin sanduna na miƙa masa, na faɗa masa har abin kunyar da na yi. Garba ya ƙara gishiri, Malam ya yi dariya kaɗan, sannan ya bi rubutun da yatsa.

"Ke nan yau ma kin san lokacin da za shi cika?"

Na lissafa da yatsu, Juma'a, Asabar, Lahadi, kowace rana da makararta. "Bayan an sallame la'asar da ɗan jimawa. Kuma wata ya cika, za shi kai sandar da ke da tsumma."

"In bai kai ba hwa?"

"Sai in ce ban gano maka komi ba."

Bai koma fadama ba. Ya yi la'asar ya dawo ya zauna. Na ɗora sanwa na rasa abin da nake zubawa. Da inuwar katanga ta kai bakin rijiya, Garba ya kira Ta-Malam a wayarsa mai hoto, ya ce ta je bayan gada ta nuna mana. Munka haɗa kai mu uku a kan waya. Hoton na rawa tana tafiya, sai ga ruwa. Sandar farko babu ita, ta biyu kanta kawai ke leƙe. Ta uku tana tsaye cikin ruwa, tsumman zanena na taɓa shi yana jiƙewa.

Malam ya daɗe yana kallo. Ya karɓi wayar da hannu biyu.

"Kina ji na?"

"Ina ji, Baba."

"Gobe ki sa hannu. In kin dawo ki zaka ki auna mana namu, ko shi ma a samu ya koyi hali."

Munka ji ta tana kuka tana dariya. Ya miƙo mani wayar ya ce ga uwarki. Abin da ke bakina da yawa, amma Garba na zaune, Malam na zaune, ita kuma ta fari ce. Na ce mata rigar nan mai launin lemo, kada in ji an cire ta ko da zafi. Ta ce to Inna.

Ruwan galan an raba shi a kwana biyu. Na gaya wa kowa abin da na gani a madubi, ba wadda ta fasa karɓa. Yau satinta uku a teku. Malam bai ƙara tayar da maganar ba, amma shekaranjiya da na kai masa abinci fadama na ga sanduna uku kafe a bakin gulbi, ta sama da tsumma. Na duba da kyau, bakin sabon zanena ne.